Ta faɗi a hannuna, ta roƙe ni in rufa mata asiri

Anti, barka da aiki. Ina kula da tsofaffi a gidajensu ƙarƙashin wani kamfani, wata na biyar ke nan da farawa. Wadda aka ba ni, Mama nake ce mata, shekarunta 81, tana da hawan jini, tana kuma shan warfarin, maganin tsinka jini, saboda matsalar bugun zuciya. Ita kaɗai take kwana a gidan. 'Yarta ce ke biyan kamfani, takan leƙo ƙarshen mako. Shekaranjiya ina taimaka mata ta fito daga wanka, na juya in ɗauko tawul, sai na ji ƙara. Santsi ya kwashe ta, gefen kanta ya bugi bakin wurin wanke hannu. Na ruɗe, na rungumo ta na ɗaga ni kaɗai, har na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. Ba ta suma ba, jini bai fita ba, sai ɗan ƙululu a bayan kunne wanda gashi ya rufe. Ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce don Allah kada in faɗa wa kowa, wai in 'yarta ta ji za ta ɗauke ta daga gidan da ta tsufa a ciki ta kai ta gidan kula da tsofaffi. Na yi mata alkawari. A littafin aiki na rubuta "An yi wanka lafiya." Mako biyu da suka wuce ma ta zame a wurin, na tare ta, na ce wa 'yarta a sayo shimfiɗar roba, ta ce to, har yau shiru. Jiya Mama ta ce kanta na ɗan ciwo, yau kuma barci take ta yi ba yadda ta saba ba. Ni ma ko sunkuyawa ba na iyawa. In na faɗa yanzu za a ce na yi sakaci, na kuma yi ƙarya, ga shi da aikin nan nake riƙe da 'ya'yana biyu. In na yi shiru, barci ba ya ɗaukata. Ga kuma alkawarin da na ɗauka. Anti, yaya zan yi?

Wata mai kula da tsofaffi

Ƙanwata, ranar da wasiƙarki ta iso ban jira fitowar shafin nan ba, na mayar miki da layi biyu: a kai Mama asibiti yanzu, a gaya wa likita ta bugu a kai kuma tana shan warfarin. Ina fata kin tashi tun kafin ki ajiye wayar. Wannan doguwar amsar taki ce, ta kuma sauran masu irin aikinki, don na san ba ke kaɗai ba ce kika taɓa tsayawa a ƙofar banɗaki zuciyarki na dukan uku-uku.

Bari in fara da kan Mama, don shi ne ba ya jira. Idan mutum ya tsufa, ƙwaƙwalwarsa takan ɗan ja baya daga ƙoƙon kai, sai 'yan ƙananan jijiyoyin jini da ke tsakanin su biyun su miƙe, su zama masu saurin tsinkewa. Buguwar da yarinya za ta shafa ta wuce tana iya tsinka ɗaya daga cikinsu a kan mai shekara 81. Jinin ba ya fitowa waje balle ki gani. A ciki yake ɗiga, yana taruwa yana danne ƙwaƙwalwa a hankali, wani lokaci cikin sa'o'i, wani lokaci sai bayan kwanaki ko makonni alamar za ta bayyana. Aikin warfarin kuwa shi ne hana jini saurin daskarewa, wato ɗigon da zai tsaya da kansa a jikin wani, a jikin Mama yana iya ci gaba. Shi ya sa a Ingila ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta ce likita ya duba yiwuwar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ga mai shan maganin tsinka jini da ya bugu a kai, ko da bai nuna wata alama ba. Mama kuwa ta nuna har biyu: ciwon kai, da barcin da ba nata ba. Sauran da ake tsoro su ne amai, ruɗewa, magana ta harɗe, hannu ko ƙafa ta mutu a gefe ɗaya, tangaɗi, ko farfaɗiya. Ba a jira su cika. Ɗaya ta isa a kira motar asibiti.

Kada ki tsayar mata da warfarin da kanki, kada kuma ki ba ta ibuprofen ko diclofenac ko aspirin don ciwon kan, duk suna ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan wannan magani. In kin riga kin ba ta wani abu, ki faɗi sunansa da lokacin da ta sha. Ki tattara kwalayen magungunanta gaba ɗaya cikin jaka ku tafi da su.

Ki lura da abu guda. In aka kai tsohuwa tana gyangyaɗi aka ce wa likita "haka kawai muka gan ta", zai fara lalube: ko suga ne, ko ciwon fitsari, ko maganin barci, ko tsufa. In aka ce masa "ta bugu a bayan kunnen dama ranar kaza da safe, tana shan warfarin", ya san hoton da zai aika a ɗauka nan take. Wannan jimla ɗaya da ke bakinki tana iya rage sa'o'i, kuma a zubar jini cikin kai sa'o'in nan su ne komai. A duk duniya mutum biyu ne suka san abin da ya faru a banɗakin nan, ɗaya kuma ita ce ke ta barci. Abin da ake kira rahoto, asalinsa ke nan: ki miƙa abin da idonki ya gani ga wanda zai iya yin wani abu da shi. Fom da sa hannu daga baya suke zuwa.

Sai maganar alkawari, wadda na ga ita ta fi ci miki rai. Ban ga laifin zuciyarki ba. Tsohuwa ta riƙe hannunki tana kuka, jikinta a jiƙe, ke ma jikinki na rawa. Mutane kaɗan ne za su iya ce mata a'a a wannan minti. Tsoron nata ma gaskiya ne. Tsofaffi da yawa suna ɓoye faɗuwa saboda sun san abin da ke biyo baya: a fara yanke musu hukunci a bayan idonsu, a karɓe makulli, a ce daga yau ba za ki ƙara yin kaza ba. Amma kin yi mata alkawarin abin da ba naki ba ne. Ba a matsayin maƙwabciya kika shiga gidan nan ba. Amanar lafiyarta aka ba ki, kuma wannan amana ta riga alkawarin banɗaki. Mama tana da cikakken hankalinta, tana da ikon ta ce ba ta son shimfiɗar roba, ko ba ta son a taɓa mata kayan ɗaki, har ma ta yi gardama da likita. Abin da ba ta da iko a kai shi ne ta sa ki rubuta abin da bai faru ba a littafin da wasu ke dogara da shi wajen kula da ita.

Sai dai akwai yadda ake warware alkawari ba tare da an ci amana ba: kada ta ji daga bakin wani. In tana cikin hayyacinta, ki durƙusa kusa da ita ki ce, "Mama, na yi miki alkawari ranar nan don na ga hankalinki ya tashi, amma ba zan iya riƙe shi ba. Maganin da kike sha yana sa buguwar kai ta zama babbar magana. Zan kira ofis, za mu je asibiti, kuma ina tare da ke." Tana iya fushi. Tana iya kwana biyu ba ta amsa gaisuwarki da sakin fuska ba. Ki ɗauka. In kuma barcin ya yi nauyi har ba ta gane abin da kike faɗa, babu sauran neman izini, kira kawai za ki yi.

Game da 'yarta, akwai ɗan bambanci da ya kamata ki sani. Sanar da shugabarki a kamfani dole ne, babu zaɓi. Sanar da iyali kuwa yawanci yana bin abin da aka rubuta a tsarin kula da Mama tun farko: wa za a kira in wani abu ya faru, wa ta yarda a gaya wa sirrin lafiyarta. Tunda 'yar ce ta ɗauko kamfanin, da wuya a ce ba sunanta ne a wurin ba, balle ga tafiya asibiti. Ki bar ofis su yi wannan kiran in haka tsarinsu yake, amma in da hali a ba Mama dama ta faɗa da bakinta. Mutunci ne babba a bar mutum ya ba da labarin jikinsa da kansa.

Yanzu littafin aiki. "An yi wanka lafiya" yana nan da rubutun hannunki, kuma na san shaiɗan zai raya miki abu uku: ki yage shafin, ki goge layin, ko ki matsa 'yan kalmomi a ƙarƙashinsa kamar tun ranar kika rubuta. Kada ki yi ko ɗaya. Faɗuwa haɗari ce, jinkirin faɗa kuskure ne, amma gyara rubutu a ɓoye shi ne abin da ko shugabar da ke ƙaunarki ba za ta iya kare ki a kai ba. Masu aikin jinya suna da hanyar da suka saba: a bar tsohon rubutun yadda yake, a buɗe sabon layi da kwanan watan yau da lokacin yanzu, a rubuta cewa wannan ƙarin bayani ne a kan abin da ya faru ranar kaza, a sa hannu. In a manhajar waya kamfaninku ke rubutu, ki sani irin waɗannan manhajoji sukan ajiye lokacin da aka taɓa kowane layi, don haka gyaran ɓoye ma ba ya ɓoyuwa.

Abin da za ki rubuta, ga kamanninsa: "Ƙarin bayani a kan ranar Talata. Da misalin ƙarfe 9:20 na safe, bayan wanka, Mama tana tsaye a kan tayil mai jiƙa, ba takalmi. Na juya in ɗauko tawul daga bayan ƙofa. Na ji ƙara, na waiga na same ta zaune a ƙasa, ta dafe bayan kunnen dama. Ta ce, 'Ƙafata ce ta zame.' Ba ta suma ba. Na ga kumburi a bayan kunnen, babu jini. Na ɗaga ta ni kaɗai na zaunar da ita a bakin gado. Ta roƙe ni kada in faɗa, ban sanar da kowa ba a ranar, kuma abin da na rubuta a littafi bai nuna faɗuwar ba. Laraba ta yi ƙorafin ciwon kai. Alhamis tana yawan barci. Na sanar da shugabata da ƙarfe kaza." Ki ga babu "ina ganin", babu "wataƙila jiri ne", babu "laifin 'yarta ne da ba ta sayo shimfiɗa ba", babu kuma "na cuci kaina". Abin da kika gani, abin da kika ji, abin da kika yi, da lokacinsa. Tunda ba ki ga faɗuwar da idonki ba, kada ki rubuta kamar kin gani. Ki ce kin ji ƙara kin same ta a ƙasa. Maganar da ta fito daga bakinta ki sa ta yadda ta faɗe ta. Zamewar mako biyu da suka wuce ma ki rubuta ta, da ranar da kika yi wa 'yarta maganar shimfiɗa, a matsayin abin da ya faru, ba a matsayin ƙara ba.

Ki fara da kiran waya, sannan ki bi shi da rubutu, ko saƙon tes ne, domin magana ta baki iska ce ke kwashe ta. Ki ajiye wa kanki ranar, lokacin, da sunan wanda kika gaya wa. Hoton ƙululun kuwa kada ki ɗauka da wayarki sai da yardar Mama kuma in ƙa'idar kamfani ta yarda, kuma kada ya shiga wani zauren WhatsApp na abokan aiki don neman shawara. Jikinta ne.

Za a kore ki? Ba zan yi miki alkawarin da ni ma ba nawa ba ne. Ana iya ja miki kunne, ana iya ba ki takardar gargaɗi, ana iya canza miki gida. Amma ki auna da hankali. Duk kamfanin da ya daɗe yana wannan sana'a ya san tsofaffi suna faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara, kuma faɗuwa tana kashe kimanin mutum 684,000 a shekara, ita ce ta biyu bayan haɗarin mota a cikin raunukan da ba na ganganci ba. Shugabarki ta sha karɓar irin wannan kira. Abin da take tsoro ba ma'aikaciyar da tsohuwa ta zame a hannunta ba ce. Wadda take tsoro ita ce wadda ba za ta iya yarda da littafinta ba. Ki kuma tuna ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ranar Asabar 'yar za ta zo, za ta taɓa kan uwarta, ko nas ta ɗaga gashin a asibiti, ko Mama da kanta ta saki maganar. Wadda ta zo da ƙafarta bayan kwana biyu ta ce "ga abin da ya faru, ga inda na yi kuskure" tana da abin faɗa. Wadda aka gano ba ta da shi.

Ki shiga ofis ɗin da kanki a ɗage. Ki amsa naki: kin juya mata baya a kan tayil mai jiƙa, kin ɗaga ta ba ki duba ba, kin yi shiru. Amma kada ki ɗauki na wasu ki ɗora a kanki. Akwai tambayoyin da su ma za su amsa. Kafin a tura ki gidan, wani ya zo ya duba banɗakin? An rubuta a tsarin kula da ita cewa tana shan maganin tsinka jini, da abin da za a yi in ta bugu? An koya miki abin da ake yi in mutum ya faɗi, ko an miƙa miki adireshi ne kawai? An ba ki lambar da za ki kira? Ma'aikaciyar wata biyar da aka bari ita kaɗai da mai shekara 81 a banɗakin da ba ƙarfen dafawa, ba kujerar wanka, ba shimfiɗa, ba ita ta haƙa ramin ba.

Ƙugunki kuma, wanda kika ambata a layi ɗaya kamar ba komai ba. Wannan rahoto ne na biyu, mai zaman kansa, kuma shi ne wanda masu aikinku suka fi haɗiyewa. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar cewa nauyin jikin majiyyaci da ma'aikaci zai ɗaga da hannu kada ya wuce kimanin kilo 16, shi ma in komai ya daidaita. Ke kin ɗaga mutum sukutum daga ƙasa, a wuri mai santsi, a sunkuye. Ki rubuta cewa kin ji ciwo a bakin aiki, ranar kaza, wajen yin kaza, ki je a duba ki, ki gaya wa likitan cewa a wurin aiki ne don ya shiga takardarsa. In ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar na yin sanyi tana mutuwa, ko kika ga fitsari ko bayan gida na neman ƙwace miki, wannan na gaggawa ne, ba na jiran ranar hutu ba. Dalilin rubutawar a fili yake: in bayan wata uku bayan ya ƙi, kika nemi hutun jinya ko diyya, tambayar farko da inshora za ta yi ita ce yaushe kika sanar. In babu takarda, sai a ce a gidanki kika samo shi.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma yawanci akwai wa'adin sanarwa ko kai ƙara, kuma yakan zama gajere. A Amurka dokar kare lafiyar ma'aikata ta 1970 ta hana a hukunta ma'aikaci don ya ba da rahoton rauni, amma kwana 30 kacal ta ba shi ya kai ƙara hukumar OSHA, mai sa ido kan wannan doka, in an yi masa hakan. A Birtaniya ƙa'idojin RIDDOR na 2013 sun wajabta wa mai ɗaukar aiki ya sanar da hukuma in rauni ya hana ma'aikaci aikinsa fiye da kwana 7 a jere. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma, a yarjejeniyarta mai lamba 189 ta 2011, ta ce duk mai aiki a gidan wani yana da haƙƙin yin aiki a wuri mai aminci ga lafiyarsa. Ki duba takardar ɗaukarki aiki, ki tambayi ofishin ƙwadago na inda kike ko ƙungiyar ma'aikata nawa ne wa'adinku. Gidan Mama gida ne a wurinta, amma a wurinki wurin aiki ne.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne zamewar farko, wadda kika tare. Ba wanda ya ji ciwo, don haka ba wanda ya rubuta. A nan aka yi asarar. Da ta shiga littafi ta isa ofis, da shimfiɗar roba ta zama abin da kamfani zai bi 'yar a kai a rubuce, ba "to" da aka ce miki a bakin ƙofa ba. Da wataƙila wani ya tambaya me ya sa take zamewa. Ba kullum tayil ne mai laifi ba. Ruwan zafi yana buɗe jijiyoyin jini, mai shan maganin hawan jini ta miƙe tsaye da sauri, jinin ya sauka, ido ya yi duhu na daƙiƙa biyu. Maganin barci, maganin sa fitsari, tabarau da ya tsufa, silifa da ya saki, suga da ya faɗi, kowanne yana kayar da tsoho, kuma kusan kowanne yana da gyara. Wanda ya taɓa faɗuwa ya fi kowa kusa da sake faɗuwa, likitoci sun daɗe da sanin haka. Masu harkar jiragen sama sun gane darajar "saura ƙiris" tun tuni: tun 1976 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ke karɓar rahoton matuƙa a asirce a kan kurakuran da ba su kai ga haɗari ba, don a gyara kafin jirgi ya faɗi. Ke ma saura ƙiris ɗinki rahoto ne. Ki rubuta shi ko da shugabarki za ta ce kin cika rubutu.

Haka sauran abubuwan da ake ji kamar sun yi ƙanƙanta. Kin ba da maganin dare da safe, ko kin manta kashi ɗaya: ki kira nas ko mai ba da magani, kada ki ninka na gaba don cike gurbi. Allurar insulin ko tsinken gwajin suga ya soke ki: ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu, kada ki tsotse, ki tafi asibiti a ranar, domin maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin sa'o'i 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, a duba miki maganar ciwon hanta nau'in B ma. Jan tabo a ƙugu ko diddige da ba ya gushewa in an danna, tsohon da ruɗewa ta sa ya kai miki duka, ɗan gida da ke miki maganar banza ko yana taɓa ki, wayar lantarki da ta ɓare, kare mai cizo, kumburin da kika gani a jikin tsohuwa ba ki san mafarinsa ba: duk a rubuta, duk a faɗa. Na ƙarshen nan yana kare ta in wani ne ke cutar da ita, yana kuma kare ki ranar da za a tambayi wa ke tare da ita.

In Allah ya kiyaye aka sake samun wani a ƙasa a hannunki, kada ki yi saurin ɗagawa. Ƙasa ba ta ƙara masa ciwo a minti biyu. Ɗagawa ce ke iya mayar da tsagewar ƙashi karaya. Ki durƙusa, ki yi masa magana, ki tambayi inda ke ciwo, ki duba kai da wuya da ƙugu. In ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ko ya bugu a kai, ko wuya ko baya na ciwo, ko ya ruɗe, ki lulluɓe shi ki kira taimako, ki bar shi inda yake. In babu ko ɗaya kuma yana da ƙarfi, shi zai ta da kansa kina jagora: ya juya gefe, ya hau gwiwa da hannu, ya dafa kujera mai ƙarfi, ya kafa ƙafa ɗaya, ya juya ya zauna. In ya kasa, ki nemi mutum na biyu. Gobe kuma tawul ya kasance a kafaɗarki kafin a buɗe ruwa.

Akwai wani alheri da za ki iya yi wa Mama wanda ya fi shirun da ta roƙa. Abin da take gudu shi ne a raba ta da gidanta. Faɗuwar da ake ɓoyewa ita ce ke maimaituwa har ta kai ga karayar ƙugu, karayar ƙugu kuwa takan raba tsofaffi da gidajensu. Idan aka zauna da 'yar da shugabarki, ki nemi a bar Mama ta zauna a wurin, ki kuma faɗi abin da kika sani, don ke ce kike ganinta kullum: tana cin abincinta da kanta, tana sanin magungunanta, tana tafiya a cikin gida ba matsala, wuri ɗaya ne ke ba ta wahala. Ki zo da abin da ake buƙata a rubuce: ƙarfen dafawa a bango kusa da wurin wanka da masai, kujerar wanka, shimfiɗa mai kama ƙasa ciki da waje, fitila a hanyar banɗaki da dare, abin kiran taimako da za ta rataya tunda ita kaɗai take kwana, likita ya sake duba magungunanta ya auna hawan jininta a kwance da a tsaye, a kuma haɗa ta da mai gashin ƙashi da motsa jiki ya ƙarfafa mata ƙafa. 'Yar da aka kawo wa tsoro kaɗai, ɗauke uwarta za ta yi. Wadda aka kawo wa tsoro tare da abin yi tana iya cewa a gwada.

In kamfanin ya ce ki bar maganar, ko wani ya ce ki sake rubuta shafin don kada 'yar ta gani, kada ki sa hannu a kan abin da ba haka ya faru ba. Ki nemi a ba ki umarnin a rubuce, ki ajiye kwafin rahotonki, ki kai maganar ga hukumar da ke ba irin waɗannan kamfanoni lasisi a inda kike. Ki rubuto mini yadda Mama ta kwana, da abin da likita ya ce a kan bayanki. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ke ma.